Zari-ruga iri biyu ce, kuma ɗayar ta 'yan ƙwadago ce

Malam Edita, assalamu alaikum.

A shafinku na wasanni an yi bayanin ƙwallon zari-ruga kamar wasa guda ne mai 'yan wasa 15. Iri biyu ne, kuma wanda aka tsallake, mai 'yan wasa 13, shi ya fi kusa da mu a nan Sakkwato, domin leburori da 'yan kokawa suka raine shi.

Asalin rabuwar kuɗin yini ne. A arewacin Ingila masu haƙar kwal da ma'aikatan masaƙa ke buga wasan ranar Asabar, ranar kuwa ta aiki ce, duk wanda ya tafi fili an yanke masa lada. Ƙungiyoyinsu suka nemi a yarda su biya shi abin da ya rasa, hukumar wasan ta ƙi a 1893. Ranar 29 ga Agusta 1895 aka zauna a otal ɗin George da ke Huddersfield, ƙungiyoyi 22 suka ɓalle, suka yanke sule shida ga wanda ya rasa aikin yini. A 1898 aka halatta albashi sosai, da sharaɗin ɗan wasa yana da sana'arsa ta daban. A 1906 aka rage mutum biyu daga 'yan gaba, wato ƙarfafan da ke turereniya don ƙwatar ƙwallo, suka koma shida maimakon takwas.

Wannan ragin ya sauya aikin ɗan gaba ƙwarai. Da, ƙato mai nauyi ya wadatar. Yanzu fili ya buɗe, dole ya iya gudu, ya iya miƙa ƙwallo, ga kuma turereniya tana jiransa: uku a sahun farko sun sarƙe kafaɗa da na abokan hamayya, biyu sun cusa kai a bayansu, ɗaya ya rufe daga ƙarshe. A wancan zamani ana ƙwatar ƙwallo da gaske a cikinta, kuma babu canji. Wanda ya ji rauni, ko ya daure ko a ƙarasa wasa babu shi.

Douglas Clark ya isa misali. An haife shi a 1891 a yankin Cumberland, ya tashi yana dakon buhunan kwal na mahaifinsa, yana kuma kokawar garinsu. Ita wannan kokawa, kowa yana ɗora haɓarsa a kafaɗar dama ta abokin karawa, ya sarƙe hannuwa a bayansa. Wanda ya saki riƙo, ko wani sashe na jikinsa ban da ƙafa ya taɓa ƙasa, an kada shi. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon kokawa bayan girbi ya san abin da irin wannan riƙo ke koya wa ƙugu da ƙafa. Huddersfield ta ɗauke shi a 1909, kuma yana cikin tawagar da ta kwashe kofuna huɗu a kakar 1914 zuwa 1915 ƙarƙashin kyaftin Harold Wagstaff.

Wasan da aka fi tuna shi da shi, na 4 ga Yuli 1914 ne, tsakanin tawagar Birtaniya da yake ciki da Ostareliya a Sidni. Babban yatsansa ya karye, aka ɗaure ya koma. Sai ƙashin kafaɗarsa ya goce. Ya sake gwada shiga, jiki ya ƙi, ya fita yana hawaye. Abokansa sun rage goma a fili, suka kuma ci 14 da 6. A 1917 ɓarɓashin bam da iskar guba suka same shi a fagen yaƙi a Beljiyam, amma a 1920 ya sake bin tawaga zuwa Ostareliya, bai ajiye ƙwallo ba sai 1929. Daga nan ya koma cin abinci da kokawa, ya rasu a 1951.

Abin da ya sa na ɗauko biro shi ne muna da irinsa birjik, a tashar mota da bakin kasuwa, suna sauke buhunan shinkafa da albasa. Amma kada mai horarwa ya ɗauka ɗan kokawa ya gama koyo. Kokawa ta 'yan mintuna ce, wannan wasa minti 80 ne, rabi 40, don haka numfashi za a fara ginawa, da gudu bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi. Sai kamu. Ɗan kokawa ya saba tunkarar mutum a tsaye, ƙirji da ƙirji; a nan kafaɗa ake sa wa a cinya ko ƙugu, kai ya koma gefe ko bayan mai ƙwallo, hannuwa su naɗe, ƙafafu su ci gaba da turi. Wanda ya sa kansa a gaban gwiwar mai gudu, shi ke suma. A turereniya baya ya miƙe, kada kai ya yi ƙasa da ƙugu, don in sahun farko ya rufta, nauyin mutum goma sha biyu a wuya yake sauka. Kuma kada a koyar da kamu a busasshiyar ƙasar rani. Yashi, irin na filin kokawa, shi ya dace da mai koyo.

Na ƙarshe shi ne wanda ya haifi wasan tun farko. Ɗan dakon da aka kira atisaye ya bar kuɗin cefanen ranar a tasha. Duk wanda zai kafa ƙungiya, ya fara lissafa ladan yinin kowane yaro da kuɗin magani in ya karye, kafin ya sayi riga ko ya nemi filin Giginya. Ina roƙon ku gyara waccan magana ta 'yan wasa 15, ku kuma ba wannan wasa ko da rabin shafi ne.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku,
daga Sakkwato