Tuwo ko mai: wanne ke hana teɓa sauka?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi tsokaci kan shawarar da ke yawo a Bauchi, wai duk mai son rage teɓa ya bar tuwo da shinkafa, ya ci mai da nama son ransa.

Gaskiya ne wanda ya yanke abinci mai sitaci zai ga sikeli ya sauka da kilo ɗaya ko biyu a makon farko, amma yawancinsa ruwa ne. Jiki na ajiye sukari kusan rabin kilo a hanta da tsoka, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kamar giram 3. Da ajiyar ta ƙare sai ruwan ya fita ta fitsari. Ranar da aka koma wa tuwo, ya dawo. Kitsen jiki kuwa kilo ɗaya na ɗauke da kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke bai wa jiki) kusan 7,700, don haka wanda ya rage 500 kullum, rabin kilo zai sauke a mako.

A 2018 masana na Jami'ar Stanford ta Amurka suka fitar da sakamakon bibiyar mutum 609 na shekara guda. Masu rage mai sun sauke kimanin kilo 5, masu rage sitaci kimanin kilo 6, bambancin bai taka kara ya karya ba. Jimillar abin da ya shiga ciki ita ce magana.

A nan ne girkinmu ke yaudarar mu. Giram ɗaya na sitaci kalori 4 ne, na mai 9. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai 120, kuma ba ya cika ciki. A tsaya gaban mai masa a Wunti, cikin garin Bauchi, a gani: kowane gurbin tanda sai an ɗiga masa mai kafin a zuba ƙullu, ƙullun da sukari, miyar taushen da gyaɗa, sannan a yaryaɗa man shanu. Mutum ya tashi yana zargin shinkafar kaɗai.

A riƙa auna man miya da cokali, a daina tsiyayawa daga galan. Tuwo malmala ɗaya kamar dunƙulen hannu, rabin kwanon zogale ne ko rama ko kabeji, da wake, kifi ko ƙwai, don su ne ke daɗewa a ciki. Lemon roba mai santilita 50 yana iya ɗauke da sukari cokalin shayi 12, haka furar da aka zabga wa sukari. A auna ƙugu da tef ɗin tela duk mako biyu, ya fi sikeli faɗin gaskiya.

Masu ciwon sukari da ke allurar insulin ko shan glibenclamide, don Allah kada su yanke tuwo kwatsam sai sun ga likitansu ya daidaita magani, domin sukarin jini na iya faɗuwa har mutum ya suma.

Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiya,
Bauchi