Filastar siminti ta ruɓar min da bangon laka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in ja hankalin masu gini kan wani kuskure da ni kaina na tafka: shafa filastar siminti a kan bangon laka da sunan kare shi daga ruwa.

Haka na yi wa bangon gidan mahaifina. Bayan damina uku na ƙwanƙwasa shi, na ji yana amo kamar ganga. Da ɓawon simintin ya ɓalle, ƙasar da ke bayansa jiƙe take sharkaf, har ana dunƙula ta a tafin hannu. Bangon da ya haura shekara 40 a tsaye, da hannuna na ruɓar da shi, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Laka tana shan danshi, amma da iska ta buga sai ta sake shi. Siminti kuwa ba ya motsawa tare da ita. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ko ya hauro daga tushe, sannan ya rasa hanyar fita.

Shi kansa kankare ruwa yana ratsa shi, domin cike yake da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Idan birkila ya cika wa kwaɓi ruwa don ya yi saurin zubawa, ƙofofin ƙaruwa suke yi. Danshi ya isa ga rodi, tsatsa ta kumbura, ta fasa kankaren daga ciki. Ga kuma gaggawa: kankare na son ban ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai a kwana 28 ake auna ƙarfinsa, amma mutum nawa ne ke jira? Dubi kubbar kankare ta tsohon ginin Pantheon a birnin Rum, mai faɗin mita 43: ta kusa shekara 1,900 a tsaye, kuma babu rodi ko ɗaya a cikinta da zai yi tsatsa. Babban masallacin Jenne a Mali da laka aka sake gina shi a 1907, kuma yaɓen da ake sabunta masa duk shekara ne ke riƙe da shi.

Ni dai na cire simintin, na mayar da yaɓen laka, na ɗaga tushe, na ƙara wa rufi baki don ruwa ya zuba nesa da bango. Don Allah, ranka ya daɗe, a gayyato injiniya da tsohon magini su yi wa masu karatu bayani kafin ruwa ya sauka.

Wassalam,
Mai karatunku a kullum