Wasiƙa Zuwa Kumasi: Maganar Isra'iliyyat

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ya Kumasi, ya kasuwa? Mu nan Zariya sai godiya, damina ta yi albarka.

Saƙonka ya iso, na karanta shi har sau uku saboda na ji nauyin da ke ranka. Ka ce maƙwabcin rumfarka, Kirista, ya buɗe maka Baibul ɗinsa a littafin Sama'ila na biyu, ya karanta maka labarin Annabi Dawuda da matar Uriya, sai ka ji ya yi kama da abin da muka taɓa ji a wurin tafsiri muna yara. Ka ce ka kwana kana juyi. Kwantar da hankalinka, ɗan'uwa. Malamai sun daɗe da sanin wannan, har suna suka sa masa, Isra'iliyyat, wato labaran da suka shigo littattafanmu daga Yahudawa da Nasara.

Hanyar shigarsu ba ɓoyayyiya ba ce. Alƙur'ani yakan kawo ƙissa a taƙaice, ya tsaya inda darasi yake. Ya ce 'ya'yan Adamu biyu, bai ce Habila da Ƙabila ba. Mutum kuwa da son sani, sai ya tambayi wanda ya taɓa karanta Attaura. A Madina akwai Abdullahi bin Salam, malamin Yahudawa da ya musulunta. Daga Yaman ga Ka'abul Ahbar, ga Wahbu bin Munabbih. Abdullahi bin Amru bin Asi ma an ce ya samu kayan raƙuma biyu na littattafan Ahlul Kitabi a yaƙin Yarmuk, yana ba da labari daga cikinsu. Waɗannan mutane ba maƙiyan addini ba ne. Abin da suka sani suka faɗa, wasu suka rubuta, na baya suka kwafa.

Ka tuna zauren Malam da azumi? Ni dai wannan yammacin bai taɓa fita a raina ba. Muna zaune a tabarma bayan La'asar, mai jan baki ya kai Suratu Sad, inda masu husuma biyu suka haura katanga suka shiga wa Annabi Dawuda, ɗaya ya ce ɗan'uwana yana da tumaki 99, ni tunkiya ɗaya ce gare ni. Malam ya duba Jalalaini, ya yi shiru, ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, sannan ya ce a ja gaba. A lokacin na ɗauka gajiya ce. Sai da na girma na buɗe wurin da kaina, na ga an rubuta cewa Annabin Allah yana da mata 99 ya nemi matar wani. Ashe Malam ƙin faɗa ya yi. Allah ya jiƙansa.

Kuma ba shi ya fara ƙin ba. Fakhruddin Razi ya yi dogon raddi a kan wannan labari. Ibnu Kasir, wanda ya rasu a 774 bayan Hijira, ya ce mafi yawansa daga Isra'iliyyat ne, ya fi kyau a tsaya a kan karatun ayoyin a bar wa Allah saninsu. Shi da malaminsa Ibnu Taimiyya sun kasa irin waɗannan labarai gida uku. Wanda Alƙur'ani da Sunna suka gaskata, mun karɓa. Wanda suka ƙaryata, mun mayar. Wanda suka yi shiru a kansa kuwa, nan hadisin da Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira yake aiki: Ahlul Kitabi suna karanta Attaura da Ibrananci suna fassara wa Musulmi da Larabci, sai Manzon Allah (SAW) ya ce kada ku gaskata su, kada ku ƙaryata su. A Bukharin ne kuma ya ce ku ba da labari daga Bani Isra'ila, babu laifi. Ka ga ƙofar a buɗe take, amma da ma'auni a hannu.

Kashi na ukun nan shi ya fi yawa. Ka san kakata, yadda take jero mana sunayen Ashabul Kahfi da dare, Yamlika da sauransu, da karensu Ƙiɗmir, da azzalumin sarki Daƙyanus. Ko ɗaya daga cikin sunayen nan babu a Alƙur'ani. Kiristocin Gabas suna da labarin samari bakwai da suka yi barci a kogo kusa da garin Afisa, a ƙasar Turkiyya ta yanzu, a zamanin wannan sarki na Rum. Ban ga laifin tsohuwa ba ko kaɗan, da su ta sa mana son surar. Sai dai surar da kanta ta ce kada a yi jayayya mai zurfi a kan adadinsu, kada kuma a nemi fatawa a kansu daga kowa cikin Ahlul Kitabi. Wannan ayar takan sa jikina sanyi duk Juma'a.

Inda nake jin tsoro shi ne idan labarin ya taɓa mutuncin annabi, ko ya zama shi ke yanke hukunci a kan ma'anar aya. Babban malami irin Ɗabari, wanda ya rasu a 310, ya rinjayar da cewa Is'haƙa ne aka umarci Annabi Ibrahim ya yanka, kamar yadda yake a Attaura. Ibnu Kasir ya ce Isma'ila ne, yana ganin waccan magana daga wajen Ka'abu ta ɓullo. Duk da haka ba na yarda a zagi Ɗabari. Yakan kawo kowane zance da sunayen waɗanda suka ruwaito shi, ya bar wa mai ilimi ya tace. Matsalarmu ita ce na baya sun yanke isnadin, wato jerin sunayen masu ruwayar, suka bar labarin tsirara, mai wa'azi ya ɗauka ya hau mumbari da shi kamar aya ce.

Don haka roƙona gare ka, kada wannan ya sa ka raina littattafan da iyayenmu suka koyar da mu da su, kada kuma ka yi faɗa da maƙwabcinka. Abin da ke littafinsa ya karanta maka, bai yi maka ƙarya ba. Ka gaya masa cikin mutunci cewa Alƙur'ani bai ambaci Uriya ba, bai ambaci matarsa ba, ya kira Dawuda bawanmu, mai yawan komawa ga Allah, kuma a nan muka tsaya. In ya yarda ku zauna, ka karanta masa ayoyi 21 zuwa 26 na Suratu Sad ya ji da kunnensa.

Akwai ɗan littafin Muhammad Husain Zahabi na Masar a kan Isra'iliyyat cikin tafsiri da hadisi. Ina da shi, zan ba direban da ke kawo muku kaya bayan Sallah. In ka gama ka rubuto mini abin da ka gani, musamman a kan Ka'abu, don ina so mu tattauna shi a tsanake.

Ka gaishe da Hajiya da yara, da duk 'yan Zongo da suka san ni.

Wassalam,
Amininka na Zariya