Bukukuwan bazara a Montreal ba na mashaya kaɗai ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai farin jini, in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai da baƙi da ke zuwa birnin Montreal na ƙasar Kanada, waɗanda da zarar sun ji an ambaci bikin kiɗa sai su kulle ƙofa, don an gaya musu babu komai a wurin sai giya da sheƙe aya. Giyar kam tana nan, amma wanda ya sha sanyin hunturun garin nan, inda ƙanƙara ke rufe hanyoyi tun daga Disamba har cikin Maris, shi zai gane dalilin da ya sa mutane ke fitowa ƙwansu da kwarkwatarsu da zarar rana ta buɗe.

Babba a cikin bukukuwan bazarar garin shi ne bikin kiɗan jaz da aka fara a 1980, wanda ake yi daga ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli. Hukumomin birni sukan hana motoci bin wani ɓangare na titin Sainte-Catherine da kewayen cibiyar wasanni ta Place des Arts, a kafa dandamali a fili, kuma mafi yawan wasannin waje kyauta ne. A nan za ka ga tsoho da jikarsa, da mata masu hijabi suna tura keken jarirai, kowa yana harkar gabansa. Ni dai wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne bikin kiɗan Afirka na Nuits d'Afrique na watan Yuli, wanda Lamine Touré, mutumin ƙasar Gini, ya kafa a 1987, domin can ne nake jin amon ganga da molon Afirka ta Yamma har in manta ina wata uwa duniya, ga kuma rumfunan masu tufafi da abinci tamkar ranar kasuwa.

Batun abinci ne ke buƙatar lura. Abincin da garin ya yi suna da shi, poutine, soyayyen dankalin turawa ne da cuku da romo, kuma wasu wuraren sukan ɗora masa naman alade, saboda haka tambaya ta zama dole kafin a kai loma. Mai neman halal ya nufi gabashin titin Jean-Talon, unguwar da ake kira Petit Maghreb, inda 'yan Aljeriya da Moroko da Tunisiya ke da gidajen abinci da shayi.

Wani abin da ke rikita sabon zuwa shi ne tsawon yini, don a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura kwata, manyan wasannin dare kuwa bayan magariba suke kankama. Ni nakan yi sallata kafin in shiga cikin taro, in kuma bar wurin kafin jirgin ƙarƙashin ƙasa ya tashi aiki wajen ƙarfe ɗaya, in bar masu mashaya da nasu zaman, wanda doka ta ba su dama har ƙarfe uku na dare.

Naka,
Wani ɗalibi ɗan Maraɗi,
daga Montreal, Kanada.