Rana ma ba a kafe take ba

Edita, assalamu alaikum.

A shirinku na kimiyya na makon jiya na ji an ce rana tana kafe wuri guda, duniyoyi ne kawai ke kewaya ta. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Agege, kuma washegari ɗalibaina biyu suka tare ni da wannan magana, har da musu, wai ai a rediyo aka faɗa.

Yadda rana ke jan duniyoyi, haka su ma suke jan ta. Duk wanda ya taɓa riƙe hannuwan yaro yana hajijiya da shi ya san wannan a jikinsa: yaron ne ke shawagi, amma dole babban ya karkata baya, ƙafafunsa suna ɗan zagaye a ƙasa. Su biyun suna kewaya wani wuri ne da ke tsakaninsu, kusa da mai nauyi.

Haka rana take da Mushtari (wato Jupiter, babbar duniyar da ke kewaya ta). Ta ninka shi nauyi fiye da sau 1,000, duk da haka wurin da suke kewayawa yana da nisan kimanin kilomita 742,000 daga tsakiyar rana, alhali daga tsakiyarta zuwa bakinta kimanin 696,000 ne. Wato a wajenta yake, da ɗan kaɗan. Jan Mushtari na sa ta yi wannan zagaye cikin kusan shekara 12, tana tafiyar mita 12 da ɗoriya a daƙiƙa, gudun motar haya ta danfo kenan idan Allah Ya sa hanyar Ikorodu ta buɗe. Namu jan, na wannan duniya, bai wuce santimita 9 a daƙiƙa ba. Ko cunkoson Litinin da safe ya kusa fin haka sauri.

Abin da ya fi burge ni shi ne amfanin da masana suka yi da wannan rangaji. Mu da ke kusa da layin dogo mun san ƙahon jirgi: in yana tahowa muryarsa siririya ce, da ya wuce sai ta yi kauri. Hasken tauraro ma haka yake, yana karkata zuwa shuɗi in tauraron ya matso, zuwa ja in ya ja baya. Da wannan ne a 1995 Michel Mayor da Didier Queloz, 'yan ƙasar Suwizalan, suka gano wata duniya tana kewaya tauraron 51 Pegasi cikin kwana huɗu da 'yan sa'o'i. Ba su gan ta ba, rawar tauraron ce ta tona mata asiri. A 2019 aka ba su kyautar Nobel.

Don Allah a yi gyara a shiri na gaba. Yaran nan sun fi yarda da ku a kaina, zan sa su kasa kunne.

Mai sauraronku,
daga Agege, Legas.