Mun karrama Fada mai shari'ar aure, saura a horar da magadansa

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Don Allah ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani dattijon limamin Katolika da muka karrama a cocinmu kwanan baya, ba zan faɗi sunansa ba don shi da bakinsa ya ce kar a kai shi jarida, amma duk wanda aurensa ya taɓa shiga ruɗani a wannan yanki namu ya san ko wa nake nufi.

Fada ya yi rayuwarsa ne a fannin dokar ikilisiya, wadda ake ce wa dokar kanon. ’Yan uwanmu Musulmi za su fi saurin ganewa idan na ce kamar alƙali ne masanin fiƙihu, sai dai nasa na cikin coci ne. Littafin da suke aiki da shi Paparoma John Paul na biyu ne ya fitar a 1983, dokoki 1752 ne a ciki, ya maye gurbin na 1917, kuma yawancinmu da muke zuwa coci kowace Lahadi ko bangonsa ba mu taɓa gani ba, ni ma sai da abu ya faɗo gidanmu na san da shi.

Goggota ce. Tana yarinya kakanmu ya ba da ita ga wani mutum saboda bashi, ta yi kuka ta gudu gidan kawunta aka komo da ita da bulala, aka ɗaura a coci ta ce i a gaban bagade don ba ta da yadda za ta yi. Zaman bai je ko ina ba mutumin ya yi tafiyarsa, daga baya ta samu wani mai hankali suka zauna har da ’ya’ya huɗu, amma fa shekara da shekaru in an tashi karɓar Jikin Almasihu ita tana bencin baya a zaune kanta a sunkuye, a Zumuntar Mata ma ba ta iya ɗaga murya. Kowa ce mata yake Katolika ba saki, ki yi haƙuri. Kuma gaskiya ne ba saki. Abin da ba wanda ya gaya mata shi ne akwai doka ta 1103 da ta ce auren da aka ɗaura da tilas ko da tsoro mai tsanani tun asali bai ɗauru ba.

Fada ne ya zaunar da ita, ya ce mama ba ni labari tun daga farko, da Hausa, ba gaggawa. Ya hau babur da damina ya je ƙauyen neman tsofaffin da suka ga abin da idonsu, ya aika wa tsohon mijin takarda shi ma ya zo ya faɗi nasa, don ba a yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa. Har ma akwai wani a kotun da aikinsa kawai ya kare igiyar auren, ya kawo duk hujjar da za ta nuna auren na nan, saboda haka ba wai ka zo da hawaye a ba ka takarda ba ne. Ranar da goggo ta tashi ta bi layi zuwa bagade, bayan kotu ta tabbatar auren farko bai ɗauru ba, ni da nake namiji sai da na fita waje na share fuska.

Wani abin da na ji ana yaba masa a wajen taron shi ne yadda yake bi da magidancin da ya zo neman baftisma yana da mata biyu ko uku, wanda mu a nan ba baƙon abu ba ne. Doka ta 1148 ta ce ya zauna da ɗaya, amma ta kuma ɗora wa shugabannin coci su tabbatar an kula da bukatun sauran bisa adalci, to shi Fada wannan kashi na biyun ne ba ya wasa da shi, sai ya ji ina matar za ta zauna, wa zai ba ta hatsi, yaran fa.

To Edita ga inda na dosa. An ba shi lambar yabo, an ba shi rago da babbar riga, mata sun yi guɗa, duk ya cancanta, amma ya tsufa idonsa ma ya fara rauni. Dayosis ɗin Bauchi, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop ɗinmu, ya haɗa jihar Bauchi da Gombe gaba ɗaya, daga Tafawa Ɓalewa da Bogoro har Billiri da Kaltungo, wannan faɗin ƙasa ya fi ƙarfin mutum ɗaya ko biyu. Tun 2015 Paparoma Francis ya sauƙaƙa shari'ar, ya cire dolen sai kotu biyu sun yarda kafin hukunci ya tabbata, ya buɗe gajeriyar hanya a gaban bishop, ya kuma nemi kar kuɗi ya tare talaka, amma macen da ke ƙauye in ba a gaya mata da harshen da take ji ba ina za ta sani?

Ina roƙon babanmu Bishop Hilary Dachelem da girmamawa, a ƙara tura matasan limamai karatun wannan fanni tun Fada na da ƙarfin zaunar da su ya nuna musu yadda ake sauraron mutum, a kuma tara katikis-katikis na ƙauyuka, wato masu koyar da addini a coci, a bayyana musu dokokin aure da Hausa, don su ne mutane ke fara kai wa kuka. Ni a unguwarmu kaɗai na san mata biyu da har yanzu suna zaune a bencin bayan nan.

Naka,
Wani ɗan Katolika daga Yelwa, Bauchi.