A Fara Riƙe Ma'aikatan Jinyar Da Ke Hannu

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan aikin da na ƙarar da ƙuruciyata a cikinsa, wato jinya. Duk sa'ad da aka taso da zancen ƙarancin nas-nas, amsar hukumomi ɗaya ce: za a buɗe ƙarin makarantu, a yaye ƙarin ɗalibai. Ban ƙi ba. Amma ɗiban ruwa da kwando ake yi, muddin waɗanda ke bakin aiki gajiya na korarsu ɗaya bayan ɗaya.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya nuna cewa a 2023 akwai ma'aikatan jinya miliyan 29.8 a duniya, kuma ana neman ƙarin miliyan 5.8. Wannan giɓi, mu da dare muke ganinsa. Na sha kwana ni kaɗai a ɗaki cike da majinyata: ƙarin ruwan wannan ya ƙare, lokacin allurar wancan ya yi, ga wata tsohuwa a kusurwa numfashinta ya sauya. Wa za ka fara zuwa wajensa? Dole ka zaɓa, kuma zaɓin nan shi ke bin ka har gida ya hana ka barci. Gari ya waye, mai karɓar ka ba ta zo ba don ita ma ta kwanta ciwo, sai a ce ka yi haƙuri ka zarce. A irin wannan hali ne hannu ke kuskure, a kuma irinsa ne 'yan uwan majinyaci ke huce haushinsu a kanka, wani lokaci har da duka.

Ba raki muke yi ba. A 2002, binciken da wata farfesar jinya, Linda Aiken, ta jagoranta a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania a Amurka ya gano cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin 100. Shi ya sa nake jinjina wa jihar California, inda tun 2004 doka ta ƙayyade yawan majinyatan da za a ɗora wa nas ɗaya. A ɗakin kulawa ta musamman ba sa wuce biyu.

Masu tafiya ƙetare kuwa, ni dai ban ga laifinsu ba. Laifin na ƙasashe masu arziki ne da ke kwasar waɗanda ƙasashe matalauta suka horar, alhali a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa ƙasashe 55 da ta ce kada a shiga farautar ma'aikatan lafiyarsu. Can ɗin ma ba hutu ba ne: a Disamba 2022 nas-nas na Birtaniya sun tafi yajin aiki kan albashi da ƙarancin hannu.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne lafiyar ƙwaƙwalwarmu. Lokacin korona an yi ta tafa mana, muna binne abokan aiki, muna komawa ɗaki mu sa safar hannu. Amma cikin ƙasashen da suka ba da bayani a rahoton nan na 2025, kashi 42 cikin 100 kacal ke da wani tanadi na kula da hankalin ma'aikatan jinya. Na san 'yan mata haziƙai da suka ajiye aikin kafin su cika shekara uku, ba don sun daina son sa ba.

Roƙona ga hukumomi: a ƙayyade yawan majinyata da doka, a biya kuɗin aikin dare a kan kari, a hana zarcewa bayan an kwana a tsaye, a kuma hukunta mai dukan nas. Ku kuma, Malam Edita, don Allah ku tura wakilinku ya kwana ɗaya tak a ɗakin majinyata, ya zauna kusa da teburin nas daga magariba zuwa asuba, ya rubuto abin da idonsa ya gani.

Taku,
Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya